Kwali Uku a Shagon Tauke Ooi

Katin hoton ya fi akwatin tsawo da yatsa biyu. Wannan shi ne kuskure na uku da Hazwan ya tafka tun ranar da ya ƙudurta zai haɗa kwamfutar wasa da hannunsa. Kafin nan ya sayi ram ɗin da ya ƙi shiga mazauninsa, ya sayi fankar da ta hana murfi rufuwa. Duk bidiyon da ya kalla sai na gaba ya ƙaryata shi. Masanan intanet kuwa, ka tambayi goma su ba ka amsa goma sha biyu, kowa yana kiran ɗan'uwansa jahili.

Ga lokaci ya ƙure. Wata ƙungiyar 'yan wasa ta Kuala Lumpur ta ba shi damar gwaji ranar Asabar da ƙarfe huɗu: ya buga, ya watsa kai tsaye daga na'urarsa, su gani. Shekara biyu yana hayar kujera a shagon wasanni kafin wannan kira ya zo. Yau Alhamis, abu ɗaya ya rage masa, furosesa, ƙwaƙwalwar da in babu ita sauran kayan duk ado ne. Babban allon da ake dasa kayan a kai, wanda ya riga ya saya, kuma tsohon yayi ne, samfuri ɗaya tak ya rage a kasuwa da zai hau shi, kuma duk faɗin Penang shagon Tauke Ooi kaɗai ke da shi.

Da mahaifiyarsa ya zo, don daga asibiti ya ɗauko ta a babur, babu lokacin kai ta gida. Mak Zaiton ba ta san ram ba, ba ta san katin hoto ba. Wasan da ɗanta ke yi, a wurinta, "harbe-harben nan" ne. Shekara ashirin da ɗaya ta yi a wata masana'anta a Bayan Lepas, kamar rabin matan unguwarsu, ta ajiye aiki shekara uku da suka wuce, ta ce ta gaji. Hazwan bai taɓa tambayar abin da take yi a can ba. Farar riga da hula kawai ya sani.

Tauke Ooi ya ajiye ɗan kwalin a kan gilashi. Kafin Hazwan ya miƙa hannu, Mak ta ɗauka da kan yatsu, ta kai shi dab da hancinta, ta juya shi, sannan ta miƙa masa.

"Wan, karanta mini ƙaramar lambar nan ta gefe."

Ya karanta da sauri, don a wuce wurin.

"Sake faɗin na tsakiya."

"Biyu, uku, bakwai."

"A mayar. A kawo wani."

Tauke ya fashe da dariya. "Makcik, wannan fa ba ɗan itacen durian ba ne da za a shinshina a zaɓa. Duk uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya." Amma ya kawo na biyu. Biyu, uku, takwas. Ta girgiza kai. Na ukun ma biyu, uku, takwas ne, ta ture shi gefe.

"To sun ƙare," in ji Tauke, dariyar ta fara gushewa. "In na yi oda daga Kuala Lumpur, sai Talata. Gobe kuma ba na buɗewa, za mu je sharar kabarin kakanni. Bos, ka ɗauka ko in kwashe kayana?"

Hazwan ya cika fam. Mako uku ana wasa da hankalinsa, ya mayar da kaya har masu shaguna sun haddace fuskarsa, yau da ya zo bakin gaci sai ga mahaifiyarsa ta tare hanya a kan wasu lambobi, a gaban mutane.

"Mak, don girman Allah! Ke da ko inda ake kunna kwamfuta ba ki sani ba? Jibi ne fa gwajin. In na rasa wannan, shi ke nan."

Maganar tana fita ya ji kunyarta, amma bai janye ba. Ya jawo kwali na farko gabansa.

Mak ta ɗora hannunta a kan nasa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Harafin farko garin nan ne, masana'antarmu. Biyu shekara ce, lambobi biyun da ke bayanta mako, talatin da bakwai da talatin da takwas ke nan, harafin ƙarshe kuma layin da ya fito. Na'ura tana gwada su, gaskiya ne. Amma akwai wata tsaga, ta fi gashi siranta, sai ido a madubin ƙara girma yake kama ta. Ba ta nuna kanta sai abu ya yi zafi, an yi awa biyu ana aiki. Wasan naka awa nawa ne?"

"Uku," in ji Hazwan a hankali.

Tauke ya gyara tsayuwa. Hazwan ya dubi mahaifiyarsa kamar yau ya fara ganinta, fushin ya soma komawa alfahari. Ashe duk wahalar nan da ya sha, masaniyar tana gida tana dafa masa shinkafa.

"To, Mak, wane sakarai ne ke duba su a makonnin nan, har kika riƙe lambarsa?"

Ta cire tabaronta, ta goge shi da bakin gyalenta, ta daɗe tana gogewa.

"Ni ce mai duban ƙarshe a layin, Wan. A mako na talatin da shida idona ya fara mutuwa, kai kuma saura wata uku ka gama makaranta, shi ya sa ban faɗa wa kowa ba, duk wanda ya zo gabana hatimi kawai nake buga masa."