Cikin Ladidi

Shekara uku ke nan da aka kafa dokar cewa duk kumburin ciki sai na'ura ta duba shi a gaban shaida daga dangi. Ni na kai Ladidi, matar marigayi ƙanena, asibiti, domin cikinta ya taso shekara guda bayan rasuwarsa, kuma daga bakina dangi suka fara jin zargin cewa cikin shege ne.

Ta kwanta, hoton cikinta ya bayyana a bango. Siririyar allura ta bi hoton a hankali har ta taɓa wani dunƙule. Na'urar ta yi sallama, sannan ta kira sunana, ba nata ba.

"Malama Sa'adatu, babu jariri. Ƙari ne, ya kai shekara biyu. Mun ɗebi kaɗan, gobe za a san irinsa."

Ladidi ta gyara mayafinta. "Yaya, na ce miki ciki ke damuna. Ke ce kika ji wani cikin daban."

Na kasa ɗaga ido. Ta juyo gare ni.

"Za ki rako ni gobe?"

"Zan rako ki. Amma yau zan bi gidajen da na kai maganar, in janye ta da bakina."