Ciwon Marar Turai

Kasuwar Kurfi uku ke nan a jere Turai tana ɗaukar ƙwaryar nono tun da sassafe, ba ta dawowa rugarsu ta hanyar Dutsin-Ma sai la'asar. Wai magani take karɓowa, ciwon mara ke damunta.

Ciwon mara! Shi Manu, mijinta, za a yi wa wannan ƙarya? Mai wannan ciwo ba ya iya zaman jaki, ba ya kusantar yaji, ba ya doguwar tafiya bai nemi bayan kalgo ba. Ita kuwa lafiyarta lau, har wani sheƙi take yi.

Abin da ya fi ci masa rai hannunta ne. Tun ranar da ya kora wani bijimin sa zuwa Katsina da sunan sayarwa, ya dawo da abinsa, ta tsiro da sabon salo. In ya dawo kiwo sai ta ɗumama man shanu, ta bi ƙugunsa da cinyoyinsa tana dannawa a hankali, tana cewa ya ja numfashi ya saki ciki. Daɗi kam akwai daɗi. To amma wane namiji ya koya mata? Kishinsa ya riga ya tsinka musu igiya biyu, saura ɗaya.

Ya sa malam ya rubuta ta ukun, ya cusa takardar a hula, ya bi sawunta daga nesa. Sau huɗu yana ratsewa cikin dawa da butarsa, ya fito ya ƙara sauri.

A Kurfi ta shige wani gida mai dangar kara. Manu ya zagaya ta baya, ya kafa ido a ɓular danga, hannunsa na kan hula.

Gogo Sauda ya gani a tabarma, tsohuwar nan da ta yi shekaru tana aikin asibiti.

"Na gaya miki, 'yata," in ji Gogo, "tunda likitan Katsina ya auna fitsarin bai ga cuta ba, naman ƙasan mara ne ya ɗaure. Tausa da numfashi ke sakinsa. Yaya jikin?"

Manu ya yi turus. Yaushe Turai ta je Katsina?

Turai ta sauke ƙwarya ta yi murmushi. "Da sauƙi, Gogo. Har yanzu dai maigidan yana zaton ban san ya je ganin likita ba, kin san kunyar mutanenmu. Da, sau goma yake ratsewa kafin Kurfi. Yau yana bayana ina ƙirgawa, huɗu kawai ya yi."