Kwamfutar da Ta Je Landan

"Oga, wannan daga Landan ta sauka," in ji mai shagon a Masaka, yana shafa laftof ɗin. "Ta wata tsohuwar Baturiya ce, sai ran Lahadi take kunnawa."

Mutumin da ya zo saye ya gyara tabarau ya duba. Ga madannin nan da ya taɓa ɓallewa, wanda shi da kansa ya manne da gam a karkace. Tasa ce! Ita ce aka karɓe a ofishinsu na Idu, aka ce ta mutu murus, aka bar shi da biro kamar ɗan firamare.

Zai tara wa mai shagon jama'a ke nan, 'yarsa ta ja hannun rigarsa.

"Baba, ita kaɗai kuɗinmu ya kai, kuma ban fara buga furojet ɗina na makaranta ba."

Ya haɗiye maganar, ya biya, har da godiya.

A mota ya ɗora kwamfutar a cinya yana huci. Shekara da shekaru yana roƙon a tura shi kwas ƙasar waje, ashe ita za ta riga shi zuwa.