Kunun 'Yan Gayya

"Faɗa mini sunansa!" Nababa ya daki teburin asibiti. "Wane la'ananne ne ya fara ba ka ƙwaya?"

Ɗansa Ikrima ya sunkuyar da kai. Kwanansa uku bai sha ba.

Malama Ramlat, mai kula da masu son barin shaye-shaye, ta ce, "Baba, a hankali. Magani ya zo nema, kuma sai kun tsaya masa zai warke."

"Na tsaya masa? Saurayin da ke gaba da kowa a kunyar noma, yau ko fartanya ba ya iya riƙewa! Wallahi ko ɗan wane ne ya lalata mini shi, sai na kai shi gaban hukuma!"

"Baba, don Allah ka bar maganar," in ji Ikrima.

"Ba zan bari ba!"

Ramlat ta zube wasu korayen ƙwayoyi a tebur. "Ga irin wadda yake sha. Tramol ce."

Nababa ya ƙura musu ido. Ya san su sarai. Maganin gajiya ne da yake sayowa ranar kasuwa, yake zazzagewa a kunun 'yan gayya don su kai la'asar ba hutu. Ikrima kan shanye kofi biyu, shi kuwa yana sa masa albarka.

Ya taɓa aljihunsa. Ragowar wadda ya haɗiya da safe tana nan.

Ya zauna a hankali. "'Yata, rubuta sunana a ƙarƙashin nasa."