Caja Mai Jan Ɗigo

Sabri ya fasa wata ƙonanniyar caja a shagonsa na gyaran waya. Wanda ya kawo ta, Ammu Mitwalli mai gasa burodi, yana tsaye a kansa, hannunsa naɗe da bandeji.

"Duba mini, usta, kai ne gwanin gyara. Me ya sa wuta ta cinye mini ɗaki?"

Sabri ya buɗe wata sabuwa, ya jera su. "Ka ga kafasita, ɗan gwangwanin nan mai riƙe wuta? Na wannan mai nauyi ne, ko ta wuni a soket ba ta zafi. Na taka kuwa fanko ne, ya kumbura ya fashe."

"Wa ke haɗa irin wannan a Alƙahira? So nake in ga fuskarsa."

Sabri ya danne ɗigon jan farcen da ke gindin ƙonanniyar cajar da babban yatsa. Shi yake haɗa su, yana ɗiga wa na banza, don kada ya gauraya na banzan da yake sayar wa baƙi da na kirkin da yake kaiwa gida.

"Allah kaɗai ya sani, Ammu."

Mutumin na fita, wayar Sabri ta yi ƙara. Matarsa Nagwa ce.

"Baban Rodina, cajar yarinyar nan tamu ta mutu, na ɗauko mata wata a jakarka. Na baro ta tana barcin rana, wayar na caji a ƙarƙashin filo. Na kulle gidan, ina kasuwa."

"Wacce kika ɗauka?"

"Kwantar da hankalinka, ni ba yarinya ba ce. Na zaɓi mai jan ɗigo, wadda ka duba da hannunka."