Ranar da Wanzami Ya Hau Sabon Babur

Tunda ka ce kunyar tsohon baburinka kake ji, zauna ka ji wannan.

An yi wani wanzami a yankin da 'yan bindiga suka addaba, mutum mai haƙuri, ƙauyuka bakwai ke kiran sa askin suna. Baburinsa gado ne daga wansa. Ya tsufa har fentinsa ya koma kalar ƙasa, salansa ɗaure da waya, sai an taka shi sau uku yake amsawa. In ya tashi sai ya yi tari biyu, sannan ya kama wani gunji kamar ana daka a fasasshen turmi. Wanzamin yana son abinsa. In ya mutu masa a hanya, ya kwance fulogi ya goge da bakin riga, ya hura, su ci gaba. Ɓarawo bai taɓa yi masa kallo na biyu ba. A lokacin nan kuwa mutanen ƙauye da kunne suke rayuwa, don a kan babura masifa take zuwar musu. Kowane babur na yankin sun san kukansa. In an jiyo na wanzami daga tsallaken rafi, mata su ɗora ruwan zafi. In an jiyo wanda ba a sani ba, mata da yara su faɗa cikin dawa, maza su ɗauki bindigogin toka su kwanta bayan shinge. Shi ma ya san haka. Sai dai a zatonsa fuskarsa ce ke buɗe masa hanya, bai san baburin ke riga shi yin sallama ba.

Wata damina ƙanin matarsa ya dawo daga Kudu da sabon babur, baƙi wuluk, yana sheƙi. Ya dubi na wanzami ya ce, "Yaya, wannan gwangwanin ai ya isa aure, ka aurar da shi mu huta. Gobe hau nawa, ka shiga gidan suna kamar mutum." Aka yi dariya. Wanzami ya yi tasa shi ma, amma maganar ta kwana a ransa. Da safe ana yayyafi ya saka rigar ruwa, ya rataya zabirar askarsa daga ciki, ya kifa hular kwanon da aka haɗa masa da ita, ya kama hanya. Babur yana tafiya sumul, ko jijjiga babu. Har ya fara cewa a ransa ashe wahala yake sha.

Da ya shiga ƙauyen bai tarar da kowa ba. Tabarmi a shimfiɗe ƙofar gidan suna, takalma a watse, wani wari ɗaya can cikin taɓo. Ragon suna yana ta fisgar igiya. Daga cikin gida ƙaurin ƙosai ke tashi, ya ƙone a kasko babu mai kwashewa. Ya ce a ransa shi ke nan, 'yan bindiga sun riga shi zuwa, sun kwashe mutane, kuma wataƙila ba su yi nisa ba. Yana juya kan babur zai gudu, sai ya ga shingen yana motsi: bakin bindiga ɗaya, biyu, har biyar, duk ƙirjinsa suke kallo. Ya saki babur ya faɗi. Ya ɗaga hannuwa yana kalmar shahada cikin hular, inda babu mai jin sa sai Mahaliccinsa. Ɗaga hannun nan ne ya yaye rigar ruwan, zabirar ta leƙo.

"Kada wanda ya harba," in ji wani dattijo, kakan jaririn. Ya fito daga bayan shingen. "Wanzam, kai ne? Ina baburinka? Wallahi yatsana yana kan kunama. Saura ƙiris mu yi suna da jana'iza rana guda."

Aka shiga dawa ana kiran mata. Mai jego ce ƙarshen fitowa, mata biyu sun riƙe ta, kututture ya tsaga mata ƙafa, jini har diddige. Tun da ta kwanta a kunyar gona ta toshe bakin ɗanta da tafin hannu don kada ya yi kuka a ji su, kuma tsoro bai bar ta ta san ƙarfin da ta sa ba. Da aka karɓe shi jikinsa ya saki. Kakarsa ta yi ta hura masa fuska tana jijjiga shi, mutane tsaye babu mai motsi, wanzami yana durƙushe cikin taɓo. Can Allah Ya nufa yaron ya ja numfashi, ya callara kuka.

Wanzamin ne ya wanke ƙafar mai jego ya ɗaure ta. Askin kuwa sai bayan azahar aka yi, don hannunsa ya ƙi tsayawa, kuma ba a ɗora aska mai rawa a kan ɗan kwana bakwai. Da zai tafi bai tayar da baburin ba. Tura shi ya yi da hannu, ya ratsa ƙauyuka uku a ƙafa fuskarsa a buɗe, yana gaida duk wanda ya gamu da shi tun daga nesa, har ya kai wa mai shi ya miƙa makulli.

Magabata ba su yi ƙarya ba: da tsohuwar zuma ake magani.