Kunnen Pilipili

Hoton ya shigo wayar Riziki kafin ta gama shan shayi, kamar kullum: na'urar gwajin suga a kan tabarma, lambar da ke fuskarta ta haura ashirin. A gefe ga bakin wutsiyar Pilipili.

Pilipili kyanwar mahaifiyarta ce. Da tsohuwar ta rasu a Mombasa ba ta bar gwal ba, ba ta bar gona ba, sai wannan farar kyanwa mai ciwon suga, da wasiyyar kada a bari ta wulaƙanta. Aiki ya riƙe Riziki a Nairobi, don haka aka raba hidimar. Bi Saumu, maƙwabciyarsu mai soya mahamri, wani irin fanke, ita ke yi wa kyanwar allura safe da yamma. Mahaifin Riziki, Mzee Kombo, aikinsa ya ɗigo jini daga kunnenta kafin karin kumallo, ya ɗauki hoton na'urar ya turo. Bai san ma'anar lambobin ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Ita Riziki ta sani, kuma abin yana hana ta sukuni. Likitan dabbobi ya duba hotunan, ya ce a ƙara magani. Lamba ba ta sauka ba. Ya sake ƙarawa, sannan ya ce mata a waya, "Ko dai ana ba ta zaƙi a ɓoye, ko allurar ba ta shiga jikinta."

Ruwa ba ya tsami banza. Zuciyarta ta tafi kai tsaye kan Bi Saumu. Bazawara ce mai yawan dariya, tun ba a yi arba'in ba ta fara shigowa da kwano a rufe. Kyanwar kuwa har yanzu a gefen gadon marigayiya take kwana, ba ta yarda kowa ya zauna wurin. Riziki ba ta gaya wa kowa ba, ta hau jirgin ƙasa zuwa Mombasa.

Ta tarar da mahaifinta a tsakar gida yana gyaran komar kamun kifi. Ya rame har zanen ƙugunsa na neman zamewa, ta ce a ranta rashin mata ne. Tulun ruwa na gefensa, in ya sha ya tashi ya zaga, ya dawo ya ƙara sha, yana ƙorafin zafin gari. Yatsunsa biyu a naɗe da tsumma, ya ce ƙayar kifi ce.

Ba yatsunsa ne suka kawo ta ba. Ta bi gidan lungu-lungu tana neman shaida. A banɗaki ta ga tururuwa sun yi layi, ta gyaɗa kai. Tururuwa ba ta taruwa inda babu zaƙi. Wani yana shigo da sukari gidan nan, har yana zubarwa.

Washegari da sassafe ta kama ta. Bi Saumu na tsugune a ƙofar madafa, Pilipili a cinyarta, tana lakato zuma da yatsa tana shafa mata a dasashi.

"Bi Saumu! Ashe ke ce!"

"Ni ce me? Zo ki ga 'yar uwarki tana karkarwa, ko tsayuwa ba ta iyawa. Allurar yau dai na ƙi yi, in kotu za ki kai ni, bari in ɗauko mayafina."

"Zuma ga mai suga? So kike ki kashe ta ki huta?"

"Kai, 'yan Nairobi! An sauko daga jirgi an bar hankali a kujera."

Riziki ba ta tsaya cacar baki ba. Ta ɗauko na'urar, ta kira mahaifinta ya zo ya gani da idonsa irin matar da yake buɗe wa ƙofa. Ta karɓi kyanwar, ta ji jikinta ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta kama kunnen, ta ɗaga shi ga haske tana neman jijiya. Sumul yake, ko ɗigon tabo babu.

Ta soka. Pilipili ta saki wani siririn kuka, Mzee Kombo ya juya fuskarsa bango.

Lambar da ta fito ba ta kai uku ba.

Ta sake gwadawa a ɗaya kunnen. Haka dai. Sugan kyanwar ya yi ƙasa har bakin kabari. Maganin da ita da kanta ta sa aka riƙa ƙarawa ne ke kashe ta, zumar nan ce ta riƙe ranta. Kunya ta rufe Riziki, ta kasa kallon Bi Saumu, wadda ta karɓi kyanwar ta ci gaba da shafa zumarta.

"Baba, hoton jiya fa? Da wannan na'urar ka gwada?"

"Da ita mana. Wata muke da ita?"

"To yaya aka yi kullum sama da ashirin?"

Tsohon ya kurɓi ruwa, ya goge baki. "Kin ji kukan da ta yi yanzu? Ranar farko da na soka mata haka ta yi, na ji kamar uwarki ce a gadon asibiti. Na rantse ba zan ƙara ba. Ke kuma kullum Baba hoto, Baba hoto."

Ya warware tsumman, ya miƙo mata hannayensa. Kan kowane yatsa cike yake da ƙananan tabon allura.

"Jinina nake ɗiga wa abin," ya ce, yana murmushi. "Na ce tunda ni lafiyata ƙalau, zai kwantar miki da hankali."